Tayar Hagu

Mai Kunne ya murza tayar dama da hannu, ta yi ta juyawa a kan jak ba ko ƙis. Sabon hob ne, gidan boris ɗin da taya ke juyawa a kai, shekaranjiya ya ɗaura shi da kansa. Amma ga jif ɗin ta dawo gareji da kukanta, ga kuma wata fitila ruwan ɗorawa ta kunnu a dashbod ta ƙi mutuwa.

Mai motar mijin 'yarsa ne. Yana tsaye gefe, hannaye a baya, sai ka ce shi ya yi laifin.

"Baba, ba wani abu ba ne," in ji shi. "Kukan ne dai bai gama tafiya ba. Fitilar kuma maman yara ce ta tsorata, ka san da motar take kai su makaranta."

Ba a banza ake ce masa Mai Kunne ba. Zama yake yi a kujerar gaba ya rufe ido, ya ce a ja mota, a karkata dama, a karkata hagu, sannan ya nuna tayar da boris ɗinta ya mutu. Bai taɓa kuskure ba. Maƙwabcinsa mai jona wa motoci kwamfuta kuwa ya sha tsiya a bakinsa, likitan da sai ya tambayi allo yake ce masa.

Sai dai tun bara kunnensa na hagu ya yi sallama. Bai faɗa wa kowa ba, ko matarsa Umma. Yanzu duk ƙarar duniya ta dama take zuwar masa, ta dama kuma ya nuna shekaranjiya. Ko ɗaga ɗaya ɓangaren bai yi ba ya girgiza taya, don a ganinsa wannan aikin masu koyo ne.

Ya shiga rumfa ya jawo tsohon hob ɗin daga ƙarƙashin benci, ya juya shi a tafin hannu. Lafiyarsa ƙalau. Kunya ta rufe shi. Ƙarya tana nan a shirye: sai ya ce jabu mai kayan gyara ya sayar masa, wa zai musa? Amma da ya fito ya hangi ɗan takalmin jikarsa ƙafa ɗaya a kujerar baya, sai ya fasa ƙaryar.

Da ƙafarsa ya taka zuwa shagon maƙwabcin.

"A'a! Yau kunne ne ya zo gaishe da allo?" in ji mai kwamfuta yana dariya. Da ya dubi fuskarsa sai ya haɗiye sauran, ya ɗauko na'urar.

Ya jona ta a ƙarƙashin sitiyari, ya ɗan latsa. "Fitilar birki ce. Motar ta daina jin gudun tayar gaba ta hagu. Hob in ya cinye sosai haka yake yi." A hankali ya faɗa, idonsa a kan allon.

Mai Kunne ya mayar da jak hagu. Ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ta yi ƙwal-ƙwal kamar haƙorin da ya kusa fita. A kan wannan tayar jikokinsa suka kwana biyu suna yawo, da izininsa.

Ya durƙusa yana kwance notuna, bai iya ɗaga kai ba. Can ya ga takalman surukin sun tsaya ta hagunsa, suka ɗan jima, sannan suka zagaya ta bayansa. Surukin ya tsuguna ta dama.

"Na ce, Baba, ko in riƙe maka tayar?"

Sifana ta tsaya a hannun Mai Kunne. Ya dubi inda mutumin ya baro, ya dubi inda ya tsuguna.

"Me ya zagayo da kai nan?"

Surukin ya sunkuyar da kai yana wasa da wani noti.

"Mantawa na yi, Baba. Tun bara Umma ta ce duk mu riƙa tsaya maka ta dama."