Salatif a Kan Jirgin Mai Agogo

Jirgin yaƙi talatin da bakwai Mai Agogo ya haɗa a rayuwarsa, amma ko sau ɗaya bai taɓa shiga jirgin sama ba. Ko tsani zai hau ya canza ƙwan lantarki, sai uwargida ta riƙe masa ƙafa. Shi ya sa take ce masa Kyaftin.

Jiragen na roba ne, kowanne bai fi tafin hannu ba, irin na tsohon yaƙin duniya masu farfela a hanci. A kwali suke zuwa gutsi-gutsi, ya manna da gam, ya goge, ya yi musu fenti. Duk Asabar su biyar suke haɗuwa a bayan shagon amininsa Tela, kowa da furfurarsa da ɗan jirginsa, ana ta kushe wa juna aiki.

Abin da ya ɗaga Mai Agogo a cikinsu shi ne rumfar matuƙi, ɗan gilashin nan da bai wuce farce ba. Akwai siraran layuka a kansa, na ƙarfen da ke riƙe gilashin. Kowa sai ya yanka salatif ya rufe gilashin kafin ya sa fenti, don layin ya miƙe. Shi kuwa da hannu yake ja. Shekara ashirin yana cewa salatif sandar makaho ce, Tela ya sha wannan gorin har ya ƙoshi.

To, baki shi ke yanka wuya. Wata uku ke nan hannunsa na dama yana rawa. A shago ƙaramar ƙusa takan kuɓuce daga hantsaki, ya yi ta lalube a ƙasa, ya ce wa mai kaya ya dawo jibi. Bai faɗa wa kowa ba. In mutum huɗun nan suka sani, layin kasuwa duka ya sani, kuma wa zai miƙa agogonsa ga hannun da ke kaɗa ganga ba makaɗi?

Asabar ɗin nan da safe jirgi na talatin da takwas ya kammala, kore a sama, toka-toka a ciki, saura rumfa kawai. Ya tsoma burushi, ya riƙe numfashi, ya ja. Layin ya fito kamar sawun maciji. Ya goge. Ya danne gwiwar hannu a tebur ya sake, ya sake gogewa. A na uku gilashin ya fara dushewa, ya san in ya ƙara gogewa sau ɗaya ya kashe shi.

Uwargida ta turo ƙofa da kofi.

"Kyaftin, yau ba a tashi ne? Ga shayi, rabin kofi, yadda ka koma sha."

"Sukari nake ragewa."

"Uhm. Sukarin ne ke zuba a gaban riga."

Ya yi kamar bai ji ba. Can ya ce, yana kallon bango, "Ina salatif ɗin nan da kika liƙe kwalin kwanuka?"

Ta tsaya tana dubansa. Shekara ashirin ita ma tana jin huɗubar sandar makaho. Ta fita ta kawo, ta ga yadda reza ke rawa a yatsunsa, ta ce, "Kawo, kafin ka yanke abin da muke ci da shi." Ita ta yanka, ita ta liƙa, shi ya shafa fenti. Da suka ɓare, layukan suka fito sambal.

Sai dai ya san abin da ita ba ta sani ba: inda fenti ya tsaya a bakin salatif, yakan bar ɗan tudu. Ido ba ya gani, amma farce yana ji.

A bayan shagon Tela jirgi ya zaga hannu-hannu. Direba ya yi fito. Malamin lissafi ya ce ko da rula sai haka. Mai Agogo yana murmushi, hannun dama a aljihu. Sai jirgi ya iso ga Tela. Ya ɗaga shi wajen taga, ya juya, ya ɗora farcen babban yatsa a kan rumfar, ya ja a hankali. Ya tsaya. Ya sake ja.

Ga ranar da Tela ya shekara ashirin yana jira.

"Ba laifi," in ji Tela, ya ajiye jirgin. "Mutumina, zo ka duba mini agogon bango, ya tsaya."

Suka fito gaban shago. Agogo na tafiya lafiya lau. Tela ya zaro allura daga wuyan rigarsa, ya miƙo masa da zare.

"Zura mini."

Zaren ya yi ta gaisawa da allurar ta ko'ina, ban da ƙofar.

"Tun yaushe?"

"Wata uku."

"Kai dai tsohon banza ne. Da kai da likita akwai gaba ne? Jibi da safe zan zo mu tafi tare, in ka ƙi in faɗa wa Direba, ka san kafin azahar gari ya ɗauka."

"In ya ce ba ya warkewa fa?"

"Sai mu ji daga bakinsa, ba daga naka ba." Tela ya ja aljihun tebur, ya ɗauko wani siririn salatif rawaya. "Wancan na liƙe kwali ne, yana barin danƙo a gilashi. Ga sandar makafi ta gaske. Sannu da zuwa cikinmu."

Daga ciki Direba ya ƙwala kira, wai Mai Agogo ya zo ya nuna musu yadda ake riƙe burushi. Mai Agogo ya jefa salatif ɗin a aljihu, ya damƙe shi tamau. Hannun bai daina rawa ba.

"Ina zuwa," in ji shi. "Agogon Tela ne ke ba ni wahala."