Ɓaunan da Ke Auna Ruwan Kwale-kwale

Shekara ashirin da biyu Kawu Chaluay yana buɗe ƙofar madatsar garinmu saboda masu wasan kwale-kwale, bai taɓa duba lamba ba. Ɓaunansa, Bunrot, shi ne ma'auni. Sai ya tsayar da shi kan falalen dutse a tsakiyar kogi, ya koma yana murɗa ƙarfen buɗe ƙofar. In ruwa ya kai wa Bunrot gwiwa, na 'yan makaranta ne. Ƙirji, na baƙi masu ihu. Haɓa, na 'yan gasa. A bakin wurin nake soya ayaba, komai a idona aka yi.

Sai aka turo mana injiniya, Wilaiwan, da takardar ritayar Kawu a jaka.

"Kawu, ka cika sittin, ka je ka huta. Kuma dabba ba ma'auni ba ce."

"To 'yata, ruwa nawa za ki saki?"

Babu mai lambar. Haka ta naɗe wando ta shiga kogi da tef ɗin awo tana auna ɓauna, shi kuma yana cin hularta. Ta kafa sandar ƙarfe, ta ja layi uku, ta rubuta gwiwa, ƙirji, haɓa. Na ji haushi, wallahi. Mutumin nan ba shi da kowa sai kogin da dabbar.

Ranar gasa ta saki ruwa daidai haɓar sanda. Kwale-kwale goma sha ɗaya suka zauna kan duwatsu kamar kaji kan ƙwai. Wani ɗan gasa ya sauko ya ƙarasa da ƙafa, ya zo na ɗaya.

Na ce mata, "Ranki ya daɗe, Bunrot ɗaga kai yake in ruwa ya taso. Sandarki ba ta da wuya."

Ba ta yi musu ba. Ta shigar da Bunrot cikin rajistar kayan gwamnati, Ma'auni Lamba Biyu, aka manna masa lamba a ƙaho. Kawu kuwa ritayarsa na nan daram.

Asabar ta zo, ma'aikata huɗu suka ja igiya, ma'auni ya ƙi shiga ruwa. Suka kira shi da suna, har da ayabata suka gwada, ya cinye ya kwanta. Kawu yana zaune a bencina, ya juya wa kogin baya, idonsa ya kaɗa.

Wilaiwan ta zo ta durƙusa, hannuwa haɗe a ƙirji.

"Kawu, doka ta hana in mayar da kai ma'aikaci. Amma a rajista akwai gurbi a ƙarƙashin ma'aunin."

"Gurbin me?"

"Kayan haɗi. Marfi, igiya, irin su."

"Su ma ana yi musu ritaya?"

"A'a. Sai sun lalace."

Kawu ya goge ido, ya miƙe ya gyara riga.

"Manna min lambar a nan ƙirji, inda za a gani."