Jakin Muttaƙa a Zauren Cigiya

Muttaƙa na Bazaga jaki ɗaya gare shi, shi ke jan amalanken da gidan ke ci da shi. Wata safiya ya tarar da turke da guntun igiya. Ya bi sawu har bakin kwalta, sawu ya ɓace. Kuma kowa ya sani, jakin da ya daɗe a hannun wani, sai dai a ji labarinsa ƙetaren iyaka.

Nan ya tuna da dandalin da samarin ƙungiyar manoma suka sa masa a talho, wato wayar hannu. Ba na wani kamfani ba ne, kyauta suka ɗauko shi suka kafa abinsu, zaure-zaure: na noma, na kiwo, na kasuwa. Ya shiga babban zaure ya rubuta sallama, ya tsaya. Mutumin kirki ba ya faɗa wa jama'a buƙata ba a amsa masa ba.

Aka kuwa amsa! Daga Malbaza, daga Illela, talho sai ƙara yake. Ya tambayi gida, aka tambayi nasa. Ya tambayi damina. Can ƙasan gaisuwa, inda ba mai kai ido, ya ce jakinsa ya ɓata.

Da hantsi taubashiyarsa Kubura, mai shagon cajin talho, ta gan shi yana ta murmushi.

"Kai bawana, an ga jakin ne?"

"Wa ab bawanki? Duba jama'ar da ta amsa min!"

Ta karɓa ta duba, ta yi dariya har da riƙe ciki. "Sallamarka sunka amsa, sakarai. Wa ya san da jaki? Kan magana shi mutane ka gani. Sa buƙata a sama, gaisuwa ta biyo baya."

"In hwaɗa ma dattawa haka tsirara?"

"Dattawan za su ja maka amalanke?"

Ta fitar da shi daga babban zaure ta kai shi na cigiya. Ta sa ya faɗi da bakinsa tana rubutawa: jaki fari, kunnen hagu a tsage, ya ɓata daga Bazaga. Hoto fa? Da ƙyar aka samo na ranar suna, jakin na leƙowa bayan kan liman. Ta yanke liman daga hoton.

"Ke, ki ji tsoron Allah!"

"Ba shi ya ɓata ba."

Aplikasiyon tasa ta shiga dandalin mai nauyi ce, rezo kuma, wato sabis ɗin waya, na wasa da su. Ta sauke masa wata ƙarama, ta ce duk dandali guda suke buɗewa, sunansa na nan yadda yake. Ta tura cigiyar, ta kunna masa ƙararrawar amsa. Mutane suka dinga danna kibiyar sama ta nuna goyon baya, cigiyar ta haye kan zauren.

Kafin la'asar talho ya yi ƙara. Wani Mahfuz ne, direban motar siminti: ya ga jaki mai tsagaggen kunne ɗaure bayan tashar Dogarawa, wani na yi masa ciniki. Har da hoto.

"Shi na! Wallahi shi na!"

Muttaƙa ya ɗare kabu-kabu da takalmi ƙafa ɗaya, yana dukan kafaɗar mai mashin. Da suka isa, mutanen tasha sun riga sun karanta cigiyar, sun kewaye jakin, mai cinikin kuwa ya sulale. Muttaƙa ya kwance igiyar da hannunsa, ya rungume wuyan dabbar, jakin ya sa haƙori ya yage masa aljihun riga.