Tanka Shida Don Ciyawa

—kuma ba zan karanta ba, Kawu Hamma. Sama'ilu mai kula da shirin ya yi ta ɗaga mini yatsu ta bayan gilashi, aikinsa ke nan. Saura minti biyu. Ga takardar a gabana: sabon filin golf na manya, ciyawa kore shar, tanka shida ke ba ta ruwa kullum... wai in yaba. Ni. A rediyon nan da kake ji har Gwiwa.

Tanka shida, Kawu. A shekarar da rijiyoyinku suka ƙafe, kuka kora shanu har Babura, har bakin iyaka, kuka dawo da igiyoyi kawai. Saude ƙanwata ta ce saniyar ƙarshe a hannunka ta mutu, kana ɗiga mata ruwan alwalarka...

Wa ya ce musu sai da ciyawa? Ni a kan rairayi na koyi golf, wanda ake kwaɓawa da baƙin mai a lailaye. Shekara bakwai ina ɗaukar wa Turawa jakar sanduna a Kano, ina kallon ƙugunsu, ba hannunsu ba. Da aka sauke tutarsu na shiga fili na doke su ɗaya bayan ɗaya. Kano, Kaduna, Jos, Ikko, kofi huɗu. Kai kuwa cewa ka yi, ƙato da gemu yana bin ƙwan zabo da sanda, da ma shanu ya bi. Na ji haushi, wallahi har yau ina ji.

Kafaɗa ta lalace, murya ce ta rage mini, masu gidan rediyo suka ba ni kujerar nan. Suna zaton har bakin suka saya?

Minti ɗaya. Zan faɗa: jama'a, ana shayar da ciyawa, mutanenmu na binne shanu. Su kore ni. Sau nawa aka kore ni daga ɗakin shan shayin kulob ɗin Turawa, na mutu?

Su kore ni... to buhun geron da nake ɗorawa a motar Kazaure duk wata fa? Baki goma sha ɗaya a gidanka, ba nono, ba ko maraƙi. Watan da buhun ya makara, kwana biyu ba a ɗora tukunya ba.

Jar fitila ta kama. Assalamu alaikum masu sauraro — ji muryata, sumul, ko rawa ba ta yi. Layin farko sunan filin ne kawai, babu ƙarya a ciki. Na biyu ne na ruwan. Kawu... idona ya riga ya sauka a kansa.