Dokin Ƙofar Banɗakin Baba

Ni fa ba a yi mini gini a bayan idona. Tun ranar da aka ja igiya aka fara haƙa harsashi na gaya wa ɗan kwangilar nan, "Malam, shagona yana kusa, ƙafata lafiyarta ƙalau, bakina kuma ba ya gajiya." Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, an gama." Komai aka ce masa amsarsa ke nan, shi ya sa leburorinsa ke kiransa An-Gama, ni ma na bi sahu.

Ba da ka na ɗauko shi ba. Kafin in ba shi aikin sai da na zaga gidajen da ya gina, kuma ban tambayi masu gidajen ba, matan da ke share su na tambaya. Duk bakinsu ɗaya: bango ba ya tsagewa, rufi ba ya yoyo, ruwan sama kuwa ko kwana ya yi yana zuba ba ya leƙa ɗaki. Na ce to, wannan ne mutumina.

Abin da ya sa na tashi haiƙan da ginin nan kuwa Baba ne. Mahaifina bakanike ne, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ɗaga injin mota da ƙirjinsa. Hawan jini ya kayar da shi, ɓarin hagu ya shanye, ya koma kan keken guragu. A gidan hayar da muke, banɗaki yana can ƙarshen lungu, ga tudu a bakin ƙofa, ga ƙofar kanta kamar ta akurkin kaji. Duk lokacin da zai shiga sai maigidana ya ciccibe shi, in ba ya nan kuma ni ce. Baba bai taɓa cewa uffan ba. Sai dai na lura ya daina shan ruwa da rana, abinci ma tsakura yake yi, don kawai kada ya kira mu. Ranar da na gane haka na shige kicin na yi kuka na ƙoshi, sannan na wanke fuska na rantse sai Baba ya shiga banɗaki da kansa ya rufo ƙofa.

Don haka na zaunar da An-Gama na yi masa dalla-dalla. Ɗakin Baba da banɗakinsa daɓe ɗaya nake so, shafal, babu hawa babu sauka. Ƙofa kuma mai faɗi, wadda keke zai wuce har da gwiwar hannun mai tura shi.

"An gama, Hajiya."

Aiki ya yi ta tafiya yadda nake so. Kullum ina can da safe kafin a kwaɓa siminti, da yamma kuma in koma in ga abin da aka yi da shi. Na sa an sauke wani layin bulo da ya karkace, na mayar da yashi mai laka, na kori wani mai famfo da ya zo mini da bututun da ake lanƙwasawa da yatsa biyu. Leburori in sun hango ni sai su ce, "Ga sufeto nan." Su dai suka sani.

Ana cikin haka aka kwantar da Baba a asibiti. Likita ya ce ƙodarsa ce ke kukan ƙishirwa. Na tare a gefen gadonsa, gini kuma ya koma waya. Duk kiran da na yi, An-Gama ya ce an gama.

Da aka sallame mu na kai Baba gida, ko mayafi ban ajiye ba na wuce wurin aiki. An yi filasta, an dasa ƙofofi, mai tayil ya kusa fita daga ɗakin Baba. Ina leƙa banɗakin sai na ji kaina ya yi dum. Dokin ƙofa ne zaune daram, tsayinsa ya kai tafin hannu, an lulluɓe shi da tayil yana ta ƙyalli. Ƙofar kuma irin ta kasuwa ce, wadda ake sa wa kowane banɗaki.

"An-Gama! Zo nan. Mene ne wannan?"

Ya taho yana goge hannu, fuskarsa fal fara'a, wai shi a dole ya yi abin kirki. "Hajiya, kariya ce. Banɗaki babu dokin ƙofa? Ai ranar da aka yi wanka ruwa har ƙarƙashin gadon tsoho. Ni tunda nake ban taɓa gina ɗakin da ruwa ya shiga ba, ba kuma zan fara a kanki ba."

"Keken fa? Tashi sama zai yi?"

"Haba, ɗan wannan? Ai sai a ɗan ɗaga masa."

A ɗan ɗaga masa! Wallahi na ji kamar in kwashe shi da mari. Amma na san irinsu, in ka yi musu ihu su ce mace ce ke faɗa, gobe su ci gaba da abinsu. Kuma ba mugunta ya yi ba, hannunsa ne ya saba. Sai na ce kowa ya dakata, ina zuwa. Na koma gida, na tarar Baba ya samu barci, na naɗe kekensa na jefa a bayan mota.

Na buɗe keken a tsakiyar ɗakin na ce, "Bismilla, Malam, zauna."

"Hajiya, ni?"

"Kai fa. Hannun hagu a aljihu, ƙafar hagu kuma ka manta kana da ita. Shiga banɗaki."

Leburori suka ajiye cebur suka cika taga. Ya zauna yana murmushin yaƙe, ya tura da hannu ɗaya, keken ya yi ta juyawa da shi wuri guda. Da ƙyar ya saita shi, ƙananan tayoyin gaba suka daki dokin ƙofar suka tsaya cak. Ya ja baya ya taho da ƙarfi, saura ƙiris ya kifa da ka. Dariya ta ɓarke. Ya sake gwadawa, gwiwar hannunsa ta gurji bakin ƙofa. Gumi ya jiƙa masa riga. Sai wani ƙaton lebura ya tausaya masa, ya shigo ya sa hannu a hammatarsa zai ɗaga shi.

An-Gama ya fizge jikinsa. "Kai, sake ni! Ni yaro ne?"

Na ce, "To ka ji. Kai na ɗan lokaci ne, kuma da wandonka a jikinka. Mahaifina kullum ne, wata rana ma 'yarsa ce ke ɗaga shi."

Dariya ta ɗauke. An-Gama ya dubi dokin ƙofar nan. Da ya buɗe baki bai ce an gama ba, cewa ya yi, "Miƙo mini guduma."

Shi da kansa ya fasa. Ruwan da yake tsoro kuma muka zauna muka yi masa dabara: aka karkata daɓen banɗakin kaɗan zuwa can ciki, aka yanka siririyar kwata a bakin ƙofa aka rufe ta da ragar ƙarfe daidai da tayil. Aka cire ƙofar aka faɗaɗa wurin, kafinta ya yi wata mai buɗewa waje. Ni na sheƙa bokitin ruwa da hannuna, ko ɗigo bai tsallako ɗaki ba. Keken kuwa sai da An-Gama ya sake aronsa, ya zauna a ciki yana nuna wa mai walda inda zai kafa ƙarfen da Baba zai riƙa dafawa, kafinta kuma inda zai sa sakata.

Ranar da muka tare, maigidana ya turo Baba har tsakiyar ɗakinsa. Baba ya dubi gado, ya dubi taga, sannan idonsa ya tsaya a kan ƙofar banɗakin. Maigidana ya sunkuya zai kama shi kamar kullum, na riƙe masa riga.

Baba ya sa hannun dama ya tura. Keken ya ɗan karkace, ya gyara shi da ƙafa. Tayoyin suka bi ta kan ragar suka yi ƙirrr, ya wuce ciki. Ya juya a hankali ya jawo ƙofar. Na ji sakata ta yi ƙwas.

Na tsaya a wajen kamar an dasa ni, hannuwana na rasa inda zan sa su. Farin ciki ya cika ni, ga tsoro kuma, kunnena yana kan ƙofa ko zan ji faɗuwa. Can sai muryarsa ta fito, irin wadda yake kora mu da ita daga gareji muna yara.

"Uwata, har yanzu kina nan?"

"Ina nan, Baba."

"To me kike jira? Tafi mana. Mutum ba zai shiga banɗaki ba sai da 'yan rakiya?"