Anga, Anko, Ango

Daren jiya wani mafarki ya yi awon gaba da ni, kuma Baba Hashimu nake ɗora wa laifi. Shi ne mahaifin Kuluwa, wadda za a ɗaura mana aure yau. Tsohon sojan ruwa ne, ko shayi zai nema sai ya haɗa da Turancin jirgi. Ni kuma tun da na fara zuwa zance nake haddace kalmominsa don in burge shi, har kaina ya cika dam.

Na tsinci kaina a tasha cikin babbar rigar angwanci. Ruwan sama yana tasowa daga ƙasa, kowa ya juya lemarsa ya tsaya a ciki. Wata akuya mai tabarau ce ke kula da ofis.

Na ce, "Hajiya, gidan su Kuluwa zan je kafin liman ya tashi."

Ta ce, "Shif kake so ko shiif?"

Na ce jirgi, wanda yake tafiya a ruwa, ba rago mai cin dusa ba. Ta ce Bature da kansa jan wasali kawai ya raba su da shi, ita ba ta da lokacin wannan iyayi. Sai aka jawo wani rago mai girman bene, hayaƙi na fita ta kunnuwansa, muka hau.

Matuƙan duk awaki ne, sun sha anko na atamfa shuɗiya. Kyaftin kuwa Baba Hashimu ne da kansa. Na durƙusa na gaishe shi, ya sara mini.

Ƙishi ya kama ni, na nufi wata ganga a tsakiyar jirgin. Baba ya ce sunanta sikatilbat. A jiragen Turawan da, wurin gangar ruwan sha ake haɗuwa a yi da mutane, shi ya sa har yau in sun faɗi kalmar gulma suke nufi. Na ce ashe su ma suna da bakin rijiya. Ina tsoma moɗa gangar ta yi gyaran murya.

Ta ce, "Ba a bakina ka ji ba, amma an ce in ango bai iso ba, da Ɗayyabu mai kemis za a ɗaura."

Wallahi sai da na saki moɗar. Ɗayyabun da ko gaisuwata ba ya amsawa sai ya duba agogo!

Can sai ga ƙofar gidan su Kuluwa a ƙasa, an shimfiɗa tabarmi, liman ya zauna, Ɗayyabu na gyara zaman hula. Ragonmu kuwa ko alamar tsayawa babu, wucewa zai yi abinsa.

Baba ya daka tsawa, "A jefa anga!"

Awaki suka tuɓe ankonsu suka watsa. Zannuwa suka bi ruwan sama suka yi sama, rago bai tsaya ba.

"Anga na ce, kurame!"

Sai duk suka juyo suka zuba mini ido. Akuyar tabarau, wadda ban san lokacin da ta hau ba, ta ce, "Au, ango."

Na ce haba jama'a, ku tsaya! Anga ƙarfe ne mai ƙugiya da ake tsayar da jirgi da shi, Bature yana cewa anka, Bahaushe ya gyara masa. Na yi bayani tiryan-tiryan, har ina satar kallon Baba ko zai yaba. Akuya ta ce ta gane sarai, amma wancan ƙarfen 'yan gwangwan sun ɗauke tun bara, kuma tsakanina da shi harafi ɗaya ne, ba abin da za a yi rigima a kai ba.

Baba ya dube ni ya ce, "Tanimu, za ka iya riƙe jirgi?"

Na ce, "Baba, ko iyo ban iya ba."

Ya ce, "Anga ba ya iyo. Sauka yake ya riƙe, ko ana iska."

Na leƙa ƙasa. Ɗayyabu ya miƙa hannu cikin farantin goro. Tsoro nake ji ƙwarai, amma haushi ya fi tsoron yawa. Na ƙame na amsa da Turancin jirgi, "Ayi ayi, Baba."

Suka ɗaura mini igiya a ƙugu, suka yi lilo da ni suka saka. Na ratsa ruwan da yake hawa ni ina sauka, na faɗo ƙofar soro na rungume gimshiƙi da hannu da ƙafa. Igiya ta miƙe, rago ya yi turjiya ya tsaya cak. Kuluwa ta leƙo ta taga tana dariya ta ce, "Ka jiƙa rigar." Daɗi ya kama ni har wuya. Liman ya buɗe baki zai fara, sai bakinsa ya ce ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Ashe ragon walima ne yake tunkuyin bokiti a tsakar gida. Na ji Gwaggo Tabawa tana cewa, "Har yanzu angon nan bai tashi ba? Ku watsa masa ruwa!" Ta turo ƙofa da moɗa a hannu, ta same ni a ƙasa, na ƙanƙame ƙafar gado.

Ta ce, "Sake shi mana, ina zai je?"

Na ce, "Gwaggo, sai an shafa fatiha."