Yatsu Uku a Kan Ragama

"Goge shi," in ji Edita, ya ɗora yatsa a fuskar kwamfutata, daidai ƙirjin babana.

Bai san babana ba ne. Duk ofishin ba wanda ya sani. Wata bakwai ke nan ina aiki a mujallar dawaki, kuma aikina biyu ne: buga rubutu da goge mutane. Dokar gidan ce. In aka ɗauki doki hoto da mai shi, ɗan bargar da ya riƙe ragama sai na share shi, na cike gurbinsa da ciyawa ko bango. Maigida, wato mai mujallar, ya ce masu karatu doki suke son gani da mai doki. Na goge mutum ya fi ɗari. Har inuwarsu nake ɗaukewa.

Wannan karon hoton bangon gaba ne, na cikar mujallar shekara goma. Maigida ne tsaye yana murmushi, ga baƙin dokinsa da ya ci tsere, ga Baba a gefe cikin farar riga, ragama a hannun damansa.

"Kin ji ko, Shiru-shiru?" in ji Edita. Sunan da suka laƙaba min ke nan a ofis.

Na ce, "Na ji, Yallaɓai."

A bayana kuwa ofis ya kaure da surutu. Edita ya ƙirƙiro shafi mai suna Mu da Dawaki, kowane ma'aikaci zai faɗi inda ya samo doki a rayuwarsa.

Mai Talla ya miƙo min takardarsa. "Buga min da manyan baƙaƙe. Tun ina shan nono nake kan sirdi."

Anti Sakatariya ta tuntsure da dariya. "Kai? Kai da ka faɗa mota ka kulle ƙofa ranar da ɗan duƙushi ya yi atishawa?"

"Waya na je ɗaukowa! Ke fa da kika rubuta kakanki na da dawaki arba'in?"

"Jakuna ne, kuma huɗu. To ba duk ƙafa huɗu ba ne?"

Shi Edita ya rubuta cewa a ƙasar waje ya koyi hawa. Da idona na gan shi tsaye a gindin wutsiyar doki yana amsa waya, daidai inda harbi zai same shi.

Anti ta ce, "Ke fa, Shiru-shiru? Ko a kwamfuta kika fara ganin doki?"

Na yi murmushi, na sunkuyar da kai. Ni da aka haifa a ɗakin bayan barga, wadda haniniya ke tashinta kowace safiya.

* * *

Na tarar da Baba a bakin ƙofa yana shafa wa sirdi mai.

"Uwata, yaushe mujallar za ta fito?"

"Sati mai zuwa, Baba."

"Mai Hoto ya ce na fito ras. Na faɗa wa 'yan barga kaf. Shekara talatin da ɗaya, sai yanzu za a ga fuskata a takarda." Ya yi dariya. "Rigar ta yi haske dai ko? Sau biyu na wanke ta."

Bai san aikin da nake yi a can ba. Ya ɗauka rubutu kawai nake bugawa.

Na kalli hannunsa a kan sirdin. Yatsu uku ne. Ina aji biyu a sakandare wannan baƙin dokin ya firgita, ya fizge, ragama na naɗe a hannun Baba. Bai saki ba, don akwai titi a gaba, har ragamar ta tsinke masa yatsu biyu. Da Maigida ya iso, tambayarsa ta farko ita ce, "Dokin bai ji ciwo ba dai?" Aka kira likitan dabbobi. Sai da ya gama duba ƙafafu huɗu, sannan ya ɗinke Baba da ragowar zaren da ke jakarsa. Washegari Baba na kwashe kashin doki da hannun hagu.

* * *

Da safe na rubuta nawa na shafin Mu da Dawaki, layi biyar. Na sa shi a teburin Edita tare da hoton, ban taɓa komai a cikinsa ba.

Ya karanta, ya cire tabarau. "Wannan tsohon babanki ne?"

"Shi ne, Yallaɓai."

"Ayya! Ai da kin faɗa tuntuni." Har na fara jin sanyi a raina. Sai ya ja biro. "Amma ɗan barga a shafin ma'aikata? Masu ba mu talla su ce me? Bari na gyara miki."

Ya soke layin yatsu. Ya soke ɗakin bayan barga. Ya rubuta: Ta fito daga gidan da ya gaji harkar dawaki kaka da kakanni.

"Kin gani? Kuma ba ƙarya a ciki."

Ban san lokacin da muryata ta fito ba. "Yallaɓai, duk ofishin nan waye zai iya riƙe dokin nan minti ɗaya? Shi ya karɓi haihuwarsa. Shi ya koya masa tsayuwa. A bar shi ko sau ɗaya mana!"

Mai Talla ya ce a hankali, "Ashe tana magana."

Edita ya mayar da tabarau. "Doka ce, ba ni na kafa ba. In na bar naki, gobe kowane ɗan barga ya zo neman nasa. In ba za ki iya ba, Mai Hoto ya yi, ke kuma sai mu san inda za mu ajiye ki."

Anti ta dafa kafaɗata. "Yi haƙuri, 'yar nan. Sai a wanke masa nasa daban, ya rataye a ɗaki."

Na zauna. Na fara daga hula. Na sauko fuska, na bi farar rigar da aka wanke sau biyu. Na dasa ciyawa a inda ƙafafunsa suke. Hannun na bari ƙarshe, na daɗe ina kallonsa, sannan na share.

Ragamar ce ban taɓa ba. Na bar ta a miƙe, a ɗame, ta tashi daga haɓar doki ta ƙare a iska. Mutum shida suka duba hoton kafin a kai ɗab'i, duk magada dawaki. Ba wanda ya ga komai. Maigida ma cewa ya yi a ƙara wa haƙoransa haske.

* * *

Ranar da mujallar ta fito, Baba ya wanke hannu kafin ya karɓa. 'Yan barga biyu na leƙe ta kafaɗarsa. Da suka gani, ɗaya ya ce zai je ba dawaki ruwa, ɗayan ya bi shi.

Baba ya juya mujallar baya, ya dawo da ita. Ya matso da ita kusa da ido.

"Kin ga kunnen dokin na hagu? Ni yake saurare."

Ya ɗago kai ya dube ni.

"Aikin waye wannan, Uwata?"

"Nawa ne, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya shafa ciyawar da na dasa. "Kin iya. Ko alama babu."

Daga barga baƙin dokin ya yi haniniya, lokacin harawarsa ya yi. Baba ya ce, "Ina zuwa," amma bai tashi ba. Ya shimfiɗa mujallar a cinyarsa, ya kai yatsunsa uku daidai inda ragamar ta ƙare, ya danne.